Hannun da Mage Ke Yarda da Shi

Akwai gidan da za ka shiga ka tarar da mage kwance a kan tabarma, baƙo ya yi sallama ba ta ko motsa ba, yaro ya ɗauke ta ta yi lamo a jikinsa. Akwai kuma gidan da magensu sai dai ka hango wutsiyarta tana shigewa bayan randa. Mutane kan ce hali ne. Gado yana da nasa, musamman ta wajen muzurun da ya haife ta, amma yawancin bambancin aikin hannu ne, kuma tun ba ta cika wata biyu ba ake gama shi.

A shekarun 1980 wata mai binciken halayyar dabbobi, Eileen Karsh ta Jami'ar Temple a Amurka, ta nuna cewa tsakanin mako 2 zuwa 7 da haihuwa ne 'yar kyanwa ke yanke shawara a kan ɗan Adam, ko abokin zama ne ko abin gudu. Tsofaffin matanmu masu kiwon mage ba su karanta wannan ba, amma shi suke yi, don sun san icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idanu na buɗewa, wajen kwana 7 zuwa 10, sai su fara ɗauka a hankali, su shafa kai da ƙarƙashin haɓa, su mayar wa uwar kafin ta tayar da hankali. Gobe ma haka. Sannan su miƙa wa jika, su miƙa wa maƙwabciya, don kada ta saba da ƙanshin mutum ɗaya kawai. Ta ji ƙarar turmi, ta ji rediyo da kukan akuya tana jikin uwarta, daga nan babu abin da zai razana ta.

Abin da ya fi burge ni ga gwanar wannan aiki shi ne ba ta gaggawa. Ba ta yarda a raba 'ya da uwa kafin mako 8, in da hali ma sai 12, komai nacin mai roƙo. A wajen uwa da 'yan'uwa ake koyon lasar jiki, da binne kashi, da sanin iyakar cizo in ana wasa. Wadda aka cire da wuri ita ce sau da yawa ke tashi da yaƙushi da tsotsar zane. In kuwa an kawo sabuwa gida, gwana ba ta bin ta da gudu. Ɗaki ɗaya za ta ware mata, da kwali da tsumma, da ruwa, da roba cike da yashi nesa da kwanon abinci, ta zauna a ƙasa tana harkarta tana kiran "mus-mus" a hankali, har magen ta fito don kanta ta sansana yatsa. Ba ta dukanta, don mage ba ta haɗa duka da laifi, sai da hannun da ya dake ta. Wasa kuma da zare ko gashin kaza ake yi, ban da yatsu, don cizon da ke ba da dariya yau gobe jini zai fitar.

Rainon marainiya ya fi wuya. Kafin mako 3 ba ta iya fitsari ko kashi da kanta, uwa ce ke lasarta, don haka sai a jiƙa tsumma da ruwan ɗumi a goga mata bayan kowane ci. Ba ta iya riƙe ɗumin jikinta, daren hunturu ɗaya ya isa ya kashe ta. Madarar shanu, wadda kowa ke ɗauka gata ce, zawo take sa ta. Akwai madarar da aka yi don 'yan kyanwa, a tambayi likitan dabbobi. Daga mako 4 ake fara ba ta dafaffen nama ko kifi marar ƙaya. Tuwo zalla ba ya riƙe mage, mai cin nama ce, kuma miyar da ke da albasa da tafarnuwa lalata mata jini take yi.

Kada a taɓa ba ta farasitamol, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Wani maganin ƙuma na karnuka ma guba ne gare ta. Asibitin dabbobi za a kai ta a ba ta maganin tsutsar ciki, a yi mata allurar rigakafi, har da ta ciwon haukan kare in ta kai wata 3. A nan ne kuma za a yi shawarar tsayar mata da haihuwa, don mage na iya ɗaukar ciki tun tana wata 4, ita kanta ba ta gama girma ba.