Gwanintar Masu Gyaran Laftof a Kan Ciwon Hasken Sikirin

Cikin cututtukan da ke kama laftof babu wanda ake rainawa kamar na haske. Kwamfuta na tashi lafiya lau, tana buɗe komai, sauti na fita, amma ka danna maɓallin ƙara haske ko na ragewa, shiru kake ji. Wata ta maƙale a ƙurewar haske, da dare sai ka ce fitilar mota aka haska maka a ido. Wata kuma ta dusashe, da rana tsaka sai ka kare sikirin da hannu kafin ka ga abin da kake rubutawa.

Wanda ke ofis mai wuta dare da rana yana iya haƙuri da wannan. A Gwarzo da Kabo haƙurin na da tsada. Fitilar sikirin na cikin abubuwan da suka fi shan batir, don haka laftof ɗin da ta ƙi rage haske tana cinye cajin da aka biya kuɗi aka yi a shago, ko wanda aka tara da sola, tun aiki bai kai rabi ba. Masu riƙe da irin waɗannan kwamfutoci kuwa sun yawaita: ɗaliban makarantar nazarin muhalli ta Gwarzo, na babbar makarantar kimiyya da fasaha ta tarayya da aka kafa a Kabo, malaman sakandare, masu shagon buga takardu, da yaran da ke koyon danna madannai tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015. Akasarinsu na hannu suka saya, HP EliteBook ko Dell Latitude ko Lenovo ThinkPad da suka gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka.

A wannan ƙaramin ciwo ake gane gwanin mai gyara. Abin da ke burge ni da na ƙwarai cikinsu shi ne ba ya fara ɗaukar sukundireba. Tambaya yake fara yi. "Malam, yaushe ta fara? An yi mata fomatin kwanan nan? An taɓa canza mata sikirin? Ta faɗi?" Amsa ɗaya a nan na iya rage masa rabin aikin, domin ciwon na da mazauni uku: madannai, manhaja, ko kayan ciki. Shi kuma yana binsu ne daga mai arha zuwa mai tsada.

Na madannai ba ya ɗaukar lokaci. Maɓallan haske galibi suna zaune a layin sama tare da F1 zuwa F12, kuma maɓallin Fn ne ke raba musu aiki. A Dell da Lenovo da yawa, in yaro ya danna Fn da Esc tare cikin wasa, aikin ya juye ke nan. A sake dannawa, magana ta ƙare. In ba haka ba, sai ya buɗe saitin Windows ya ja ma'aunin haske da linzami. Idan haske ya motsa, sikirin lafiyarsa ƙalau, ƙaramar manhajar da ke fassara maɓallan ce ta ɓace, irin su HP Hotkey Support ko ATK Package na ASUS. Yakan leƙa saitin tattalin batir ma, domin Windows 10 na rage haske da kanta in caji ya sauka zuwa kashi 20 cikin 100.

Idan ma'aunin ya ƙi motsi, ko ma babu shi sam, to an zo inda aka fi samun ɓarna. Kusan kowa ya san yadda ake sayar da laftof a wajenmu: a goge ta, a ɗora Windows sabuwa cikin gaggawa, a zuba manhajoji, a miƙa wa mai saye. Direban hoto, wato manhajar da ke sa Windows ta yi magana da na'urar hoto ta Intel ko AMD ko NVIDIA, sau da yawa ba a saka shi. Windows sai ta lallaɓa da wani na wucin gadi mai suna Microsoft Basic Display Adapter, wanda ke nuna hoto amma galibi bai san yadda ake rage fitila ba. Gwani na buɗe Device Manager, ya ga wannan suna, ya yi murmushi. Ya kuma duba ƙasa kaɗan ko an kashe Generic PnP Monitor, ko wata manhajar sarrafa kwamfuta daga nesa ta maye gurbinsa da nata. Kuma ba kowane direba yake kwasowa daga intanet ba. Yana juya laftof ya karanta lambar samfurinta, ya nemo wanda kamfanin ya yi mata. Wani lokacin ma sabon direban ne mai laifin, sai ya mayar da ita kan tsohon. Tun da Microsoft ta daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, ana ta tura Windows 11 kan kwamfutocin da aka ƙera a zamanin Windows 7, kuma ina ganin irin wannan aiki zai ƙaru a shagunansu.

Akwai wata dabara da nake jin daɗin kallo. Yana kashe kwamfutar, ya kunna, ya shiga BIOS, wato saitin asali na kwamfutar kanta, kafin Windows ta tashi, ya danna maɓallan haske a can. A samfura da dama suna aiki a wurin. In haske ya amsa, ya wanke kayan ciki daga zargi ba tare da ya kwance ko ƙusa ɗaya ba.

Sai wadda aka kawo baƙi ƙirin, mai ita ya riga ya yanke ƙauna yana tambayar kuɗin sabon sikirin. Mai gyara ya kunna tocilan wayarsa ya kanga a jikin gilashin, ya karkata kai. In ya hango inuwar rubutu can ciki, hoto na nan, fitilar baya ce ta mutu. Tsofaffin laftof na kafin wajen 2010 suna da siririn kwan fitila da wata 'yar na'ura da ake kira inbata, kuma kwan kan yi ja-ja kafin ya mutu. Na yanzu LED ne, saboda haka zargi kan koma kan fileks, wayar da ta taso daga fanel, wato babban allon cikin kwamfuta, ta bi ta cikin hinji zuwa sikirin. Buɗewa da rufewa na shekaru na cin ta. Shi ya sa za ka ga yana kaɗa murfin a hankali, gaba da baya, idonsa a kan haske ko zai yi ƙyafta. A cikin wannan waya akwai layin da ke kunna fitila, akwai kuma wanda ke gaya mata iya ƙarfin da za ta yi. In na biyun ya tsinke, sai haske ya tsaya wuri guda, ko da direba nawa aka saka. Bayan wannan sai fiyus ɗin fitila a kan fanel, ɗan mitsitsi, wanda ake aunawa da mita. Yawanci abin da ke ƙona shi hannun wani mai gyaran ne da ya zare fileks bai cire batir ba. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma a nan mai kwamfuta ne ke biyan kuɗinsa.

In har sikirin ne za a canza, nisa na koya wa mai gyaran karkara taka-tsantsan da na birni bai damu da shi ba. Kayan gyara a Kano suke, a Beirut Road ko kasuwar Farm Centre, kimanin kilomita 70 daga Gwarzo. Sikirin mai fil 30 ba ya shiga gurbin mai fil 40, kuma ko wanda ya shiga daidai, in ba jinsin da kwamfutar ta sani ba ne, yana iya nuna hoto tas amma ya ƙi rage haske. Don haka yana ɗaukar hoton lambar da ke bayan tsohon, ya tura ta WhatsApp, ya tabbatar kafin a ba direban motar haya saƙo.

Abin takaici, mutanenmu sun fi ganin girman wanda ya kwance kwamfuta ya baza ƙusoshi a tebur ya riƙe ta kwana biyu. Wanda ya gyara cikin minti biyar da danna maɓalli, sai a ce masa, "Haba injiniya, ai ba ka yi komai ba." Alhali shi ne ya hana ka sayen sikirin da ba ka buƙata, ya kuma tsare maka takardunka daga fomatin.

Mai karatu, in laftof ɗinka ta kamu da wannan ciwo, gaya wa mai gyara gaskiyar abin da aka yi mata da wanda ya taɓa ta. Kada ka yarda a yi fomatin ko a canza sikirin sai an nuna maka dalili, kuma ka kwafe takardunka a filas kafin ka bar ta a shago. Wanda ya gano ciwon da sauri, ka biya shi haƙƙinsa cikakke.