Jinjina ga Masu Haɗa GIMP

Wanda ya taɓa leƙa shagon masu zane da kwamfuta a Fagge ko Sabon Gari ya san hidimar wurin. Ango na tsaye yana jiran katin ɗaurin aure, yaron ɗan takara na son a goge wa maigidansa tabon fuska kafin a buga fosta, wani kuma ya kawo fasfo a mayar masa da bango fari. Photoshop da CorelDraw ke da kasuwar. Sai dai tun 2013 kamfanin Adobe, mai Photoshop, ya koma karɓar kuɗin haya wata-wata, abin da ya fi ƙarfin yaro mai koyon sana'a a Rijiyar Lemo.

A nan masu haɗa manhajar gyaran hoto ta GIMP suka ci yabo. Ɗaliban jami'a biyu a Amurka, Spencer Kimball da Peter Mattis, suka fara manhajar a 1995. Yau 'yan sa-kai daga ƙasashe barkatai ke riƙe da ita, kuma ko sisi ba sa karɓa daga mai saukewa. A Maris ɗin 2025 suka fitar da GIMP 3.0, inda za ka gyara haske da launi, gobe ka warware gyaran, asalin hoton na nan lafiya lau.

Ba a ce ta kamo Photoshop ba. Wajen tsara launukan injin buga fosta har yanzu tana baya, kuma hannun da ya saba da wata manhajar sai ya yi lalube. Amma ga fasfo da cire bango, ta wadatar. Masu shago, ku sa wa yaranku ita su gwada.