Haɗarin rijiya a bakin 'yan jarida

Rahoton haɗarin rijiya fasalinsa ɗaya ne a kafafen Hausa, ko daga Kano ya fito, ko daga Maradi, ko daga wani ƙauye na Dogon Dutsi. A faɗi sunan gari da shekarun mamaci, a ce an samu kira da ƙarfe kaza, an fito da shi rai ya yi halinsa, an miƙa gawa ga mai gari ko jandarmomi. Sai wani jami'i ya ja kunnen jama'a su riƙa rufe bakin rijiyoyinsu. Wanda ya saba jin sanarwar hukumar kashe gobara ta Kano zai iya ƙarasa jimlar kafin mai karatu ya kai ƙarshenta. Babu ƙarya a ciki. Abin da ake tsallakewa shi ne me ya faru can ƙasa, alhali wanda zai iya ba da amsa, wato mai yasar rijiya da ya ɗauro gawar, yana nan tsaye da igiya a ƙugu, ba wanda ya miƙa masa makirfo.

A ƙasar Arewa, wato yankin Dogon Dutsi, wannan sana'a ba ƙarama ba ce. Cikin kwarin Dallol Mawri ruwa kusa yake, gaba kaɗan mai lambu ya tarar da shi. Amma da an hau tudu sai a shiga lissafin gomman mitoci, inda wanda ke ƙasa yake hango sama 'yar mitsitsiya. Yawancin manyan rijiyoyin siminti na ƙauyuka irin waɗanda hukumar OFEDES ta fara ginawa ne tun shekarun 1960, faɗinsu bai cika mita 2 ba. Yau da gobe rairayi na taruwa, guga na tsinkewa, wani lokaci akuya ta faɗa. Dole wani ya sauka, ya riƙe numfashi ya nutse, ya cika guga da laka, ya taso ya girgiza igiya a ja. Ba shi da tulun iska a baya, ba shi da tabarau. Duk da haka shi ne ɗan'uwan masu nutso cikin kogunan dutse na ƙasashen waje: duhu, ruwan da ke gurɓacewa da an motsa, da ƙofar fita guda ɗaya tak.

Masu nutson kogo sun daɗe suna fama da jarida. Duniya ta san su sosai a 2018, lokacin da yara 12 'yan ƙwallo da kocinsu suka maƙale a kogon Tham Luang na Tailan daga 23 ga Yuni, aka gama fito da su 10 ga Yuli. Tsohon sojan ruwa Saman Kunan ya rasu a aikin. An yi fina-finai, an kira masu nutson jarumai. Amma kafin nan, sunan da suka fi samu a jarida shi ne masu wasa da rai, kuma irin wannan suna yana jawo kulle ƙofa. A 2014, da wasu 'yan Finlan biyu suka mutu a kogon Plura na Norwe, 'yan sanda suka hana shiga, aka bar gawawwakin a ciki, sai abokansu ne suka koma a ɓoye suka ɗauko su.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda masu nutson kogo suka ƙi barin jarida ta zama mai ba da tarihin matattunsu. A 1979 Ba'amurke Sheck Exley ya fitar da wani ɗan littafi inda ya bi haɗurra ɗaya bayan ɗaya yana tambayar me aka yi ba daidai ba. Daga irin wannan bin diddigi aka tsayar da ƙa'idojin da ake koyarwa har yau: zare da ba ya yankewa tun daga bakin kogo, kashi ɗaya cikin uku na iska don shiga da ajiye sauran, iyakar zurfi, fitilu uku, da horo. Shi kansa Exley ruwa ne ya ci shi a Meziko a 1994, kuma nasa haɗarin ma sai da aka zauna aka tattauna shi.

A wajenmu kuwa rahoto yakan haɗa abubuwa biyu da ba su haɗu ba. Yaron da ya zame ya faɗa rijiya daban, ƙwararren da ya sauka da ƙafarsa ya kasa hawowa daban. Shawarar a rufe baki ta yaron ce, ba ta amfana wa na biyun komai. Abin da ya fi kashe shi iska ce marar kyau. Rijiyar da ta daɗe a rufe, ko wadda wani abu ya ruɓe a cikinta, tana tara iska mai nauyi da ke kwantawa ƙasa, ba a ganin ta, sau da yawa ba a jin warinta. Yanzu kuma ga injin ban ruwa mai shan fetur. Idan aka zura shi ciki don a janye ruwa, hayaƙinsa ba shi da mafita. Mutum zai ji kansa ya yi nauyi, gwiwa ta saki, ko kira bai samu yi ba. Na sama ya leƙa ya gan shi kwance, ya ɗauka faɗuwa ya yi, ya kama igiya ya bi shi. Na uku ya bi na biyu. Tsofaffin masu sana'ar sun san maganin wannan: a zura fitila mai harshen wuta tukuna, in ta mutu ba mai sauka, a yi ta jan ganye ko buhu sama da ƙasa har iska ta sake. Fitilar ma ba ta tona hayaƙin inji, don haka inji a waje yake zama.

To duba abin da rahoto ke yi da wannan. Zai ce mutum uku sun rasu garin ceton juna, ya yabi na biyu da na uku da cewa sun yi ta maza. Yabon daga zuciya yake, amma saurayin da ya ji shi ya koyi cewa abin da namiji ke yi ke nan. Wani rahoton kuma zai ɗauko zancen gari, a ce dama rijiyar tana da mutanen ɓoye. A ƙasar da bori ke da tushe irin Arewa ba a raina wannan magana a fili, sai dai da zarar ta shiga rediyo ta rufe bakin tambaya, ta kuma bar mai yasa da sunan mai asiri maimakon mai sani.

Wayar salula ta ƙara wani abu. Bidiyon fito da gawa yana kai wa Yamai da Birnin Kabi ta WhatsApp kafin a yi wa uwar mamaci gaisuwa, fuskar mai yasa a ciki, ba sunansa, ba bayaninsa. A Fabrairun 2022 mutane da yawa a nan sun kwana kan waya suna bin labarin Rayan, yaron Maroko ɗan shekara 5 da ya faɗa rami mai zurfin mita 32, aka yi kwanaki ana haƙa, aka fito da shi ya riga ya cika. An yi kuka da gaske. Amma abin da kyamara ta koya wa mai kallo shi ne ceto aikin manyan motocin haƙa ne, ba na mutumin ƙauyensu mai igiya da jakai ba. Idan kuma haɗari ya yi girma har hukuma ta ji kunya, abin da ke biyo baya rufewa ne, kamar yadda aka yi wa ramukan zinariya na Ɗan Isa a jihar Maradi bayan ruftawar Nuwamban 2021 da ta ci aƙalla mutum 18. Ramin zinariya ana iya rufe shi, rijiyar gari ba ta rufuwa, don gobe da asuba mata za su zo da tuluna.

Ba zan ɗora wa 'yan jarida laifin duka ba. Masu yasa su ma suna riƙe saninsu kamar gado, uba ya ba ɗa, ba a faɗa a dandali. Kuma akwai kunyar da ke hana Bahaushe cewa mamaci ya yi kuskure, musamman gaban danginsa, ranar da ake zaman makoki. Wakilin rediyo da ya tambayi ko an zura fitila kafin a sauka, za a ce ba shi da ta ido, ko yana ja da ƙaddara. Amma ba dole sai ranar makoki ba. Rediyoyin karkara suna da filin noma da filin lafiya, shirin Studio Kalangou ma yana da sashen Hausa. Lokacin yasa sananne ne, cikin bazara sa'ad da ruwa ya ja baya, kuma masu gari daga Matankari har Gecheme sun san gidan da ake aikawa a kira mai sauka.