Ƙarshen Fim Ɗin "Korczak"

Fim ɗin "Korczak" (1990) na Andrzej Wajda ya bi rayuwar Janusz Korczak, likitan yara da ya riƙe gidan marayun Yahudawa a birnin Warsaw tun 1912. Ya burge ni inda ya nuna likita na yawon roƙon abinci a unguwar da 'yan Nazi suka killace, bai ƙi ko kuɗin 'yan fasa-ƙwauri ba.

Amma a ƙarshe muka raba gari. A 1942 an kwashe Korczak da marayu kusan 200 zuwa sansanin Treblinka, aka hallaka su. A fim kuwa, sai taragon jirgin ya ɓalle, yara suka fito cikin hazo. To, rubutu ya biyo yana faɗin gaskiya, amma ido ya riga ya ga sun tsira. Wa Wajda yake lallashi, in ba mu 'yan kallo ba?