An Ambace Ka Sau Dubu, To Yaron Fa?

Kwanakin baya wani abokin aikina ya turo mana hoton shafinsa na Google Scholar a zauren malaman sashenmu. Masu ambaton rubuce-rubucensa sun haura dubu. Aka yi ta sa albarka, ni ma na taya shi murna har cikin raina, domin na san ba a kwance ya samu ba. Fanninsa walwalar yara ne: almajirai, 'yan talla, marayu. Sai dai tun daga ranar wata tambaya ta hana ni sakat. A cikin dubun nan, mutum nawa ne ke da ikon sauya wani abu a rayuwar yaron da aka yi rubutun a kansa?

Ga wanda bai saba da harkar jami'a ba, abin da ake ƙirgawa shi ne sau nawa wasu masana suka kafa hujja da takardarka a cikin tasu. Wani Ba'amurke mai suna Eugene Garfield ne ya fito da babban kundin wannan lissafi a 1964. A 2004 Google Scholar da Scopus suka bayyana, lissafin ya koma intanet, kowa na iya leƙa na kowa. A 2005 kuma Jorge Hirsch, masanin kimiyyar fiziya, ya ƙago ma'aunin da ake kira "h": idan naka ya kai 10, ma'anarsa kana da takardu goma da aka ambaci kowacce aƙalla sau goma. Yau ga shi ya iso har ɗakunan da ake zaman ƙarin girma a jami'o'inmu. Duk shekara kuma jaridu kan buga sunayen 'yan Najeriya da suka shiga jerin kashi 2 cikin 100 na masanan duniya da aka fi ambato, wanda wasu masu bincike a Jami'ar Stanford ke fitarwa.

Ba na cikin masu cewa a watsar da ƙirgen nan. Ya rage "wa ka sani", ya ba ɗan talaka mai ƙwazo abin nunawa da ba ya buƙatar ubangida. Ambaton magabata ma ba baƙonmu ba ne. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo littafi guda ya rubuta, Ida'un Nusukh, don ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu. Har gobe idan gardi ya zo tsangaya, tambayar farko ita ce a gaban wa ya yi karatu. Amma a can mutum ake ambata, wanda aka san halinsa, aka ga abin da iliminsa ya haifar a garinsu. Na'ura kuwa ba ta bambance wanda ya ambace ka don ya yarda da kai da wanda ya ambace ka don ya ƙaryata ka, balle wanda ya kwafo sunanka daga jerin wani bai ko buɗe takardar ba.

A fannin da ake nazarin taurari ko duwatsu wannan naƙasu mai sauƙi ne. A fannin yara yana da tsada.

Ni ɗan Kafin Dafga ne, a ƙasar Karaye. Shekarun baya wasu masu bincike suka zo garinmu da mota da tarin takardun tambayoyi. Ni na yi musu jagora zuwa wata tsangaya, ni na roƙi alaramma ya ba su dama. Suka auna tsawon yara da kaurin damtsensu, suka tambaye su sau nawa suke cin abinci a yini, wa ke wanke musu kaya, yaushe rabonsu da iyayensu. Wani ƙolo da bai wuce shekara bakwai ba ya fashe da kuka da aka zo kan tambayar iyaye. Aka ɗauki hotuna, aka yi godiya, aka tafi. Bayan shekara biyu na je gaishe da alaramman, sai ya ce mini, "Malam, baƙin nan naka, me suka gano game da yarana?" Na ce, "Allah ya gafarta Malam, sun buga takarda a wata mujalla ta ƙasar waje." Ya ce, "To a kawo mana mu ji." Takardar da Turanci take, kuma sai ka biya daloli kafin ka buɗe ta. Na samo ta, na fassara masa da baki a zaure. A ciki akwai maganar ƙaiƙayi da makero da ke yawo tsakanin yaran saboda kwana a tabarma ɗaya, abin da shanya shimfiɗa a rana da maganin ɗan kuɗi kaɗan za su rage. Shekara biyu wannan bayani yana kwance a inda mai buƙatarsa ba zai kai ba. Masu takardar kuwa an ambace su, lissafinsu ya ƙaru.

Ba mugunta ce ta hana su dawowa ba. Babu gurbi a takardar neman ƙarin girma da aka rubuta "na koma na faɗa musu". Abin da ba a ba shi maki, mai iyali da albashin da ba ya kai wata ba zai zuba masa man mota ba.

Ƙirgen yana kuma jan alƙalami zuwa inda kasuwa take. Tun da Paul Lubeck ya buga nazarinsa a 1985 a kan gardawa da rikicin Maitatsine, musamman kuma bayan ɓullar Boko Haram, takardar da ta haɗa kalmar almajiri da ta'addanci a kanunta ta fi saurin samun masu karatu a waje. Matashin malami yana gani, yana kuma koyo. Sai ka tarar ana ta rubutu a kan haɗarin da yaron zai iya zama wa ƙasa, ana tsallake haɗarin da yaron yake ciki yau da daddare. Haka adadin nan na almajirai miliyan 9.5 da aka fitar a 2010 ya yi ta yawo daga takarda zuwa takarda fiye da shekara goma, kowa na jingina shi ga na gabansa. Alhali a garinmu alaramma da mai unguwa za su lissafa maka yaran da ka, da sunan uban kowanne da ƙauyen da ya fito. Da annobar korona ta zo a 2020, gwamnonin Arewa suka yi ta loda almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu, kamar ba a taɓa rubuta ko layi ɗaya a kan dalilin da ya raba su da gida ba.

Akwai misalin da ya fi taɓa ni, domin na maƙwabtanmu ne. Baba mutuniyar Karo, kusa da Zarewa a ƙasar Rogo ta yau, an haife ta a 1877. A ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, tana zaune a Giwa, ta ba wata mai bincike, Mary Smith, labarin rayuwarta da Hausa. Baba ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta yi riƙon 'ya'yan dangi ta aurar da su. Ta bayyana yadda ake yaye, yadda goggo ko kaka ke karɓar yaro, yadda kunyar ɗan fari ke sa a miƙa shi ga wasu su rene shi. Wato tsarin da Bahaushe ya gina don kada yaro ya rasa mai kula da shi. Littafin ya fito da Turanci a 1954 da sunan Baba of Karo, ita kuwa ta rasu tun 1951. Masana a Ingila da Amurka sun yi ta kafa hujja da shi, ana koyar da shi a azuzuwansu. Hausar da ta fito daga bakinta sai a 1991 aka buga ta a Kano. Shekara 37 ke nan maganar tsohuwar tana zaga duniya kafin jikokin ƙasarta su iya karanta ta da harshen da aka faɗe ta. Na sha tambayar ɗalibaina 'yan Karaye da Rogo ko sun san ta. Da wuya ka ga hannu ya tashi.

Haka nan aikin Enid Schildkrout, wadda ta zauna da yaran Kurawa da Ƙofar Mazugal a birnin Kano tun daga 1976, shekarar da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa. Ta nuna cewa talla ita ce ƙafar matar da ke cikin kulle: yarinya ce ke kai mata ƙosai da ƙuli-ƙuli kasuwa, ribar kuma da ita ake tara kayan ɗaki. Duk mai son yarinyar ta zauna a aji dole ya amsa tambayar uwar: wa zai fitar mini da sana'ata? Kusan shekara hamsin ke nan, kuma har yau ana zuwa ƙauyukanmu da lasifika ana yi wa iyaye mata wa'azin illar talla, ba a zo da amsar wannan tambaya ba. An ambaci takardar, ba a yi aiki da ita ba.

Ana iya yin abin ta wata hanya, kuma an yi a Kano. Hannah Hoechner, Bajamushiya da ta yi bincikenta a cikin birni da kuma Albasu, ta buga littafinta a Cambridge a 2018 kamar yadda tsarin jami'a ke so. Amma tun 2011 ta zauna da almajirai tara suka shirya fim da Hausa, Duniya Juyi Juyi. Su suka tsara labarin, su suka fito a ciki, su suka riƙe kyamara. Uwar ɗakin da ke aiken almajiri wanke-wanke za ta iya kallonsa ta ga kanta. A wurina wannan fim ya kai takardu goma, ko da babu na'urar da za ta ƙirga matan da suka sassauta wa yaron gidansu bayan sun kalla.

Su kansu waɗanda suka ƙago ma'aunan sun fara ja da baya. Tun 2012 wasu masana da editoci suka tsara sanarwar San Faransisko, suna kira da a daina auna malami da sunan mujallar da ya yi bugu a ciki. Bai kamata mu rungumi abin da hannu biyu a daidai lokacin da masu shi ke sassauta riƙo ba.

Abin da nake nema ba mai yawa ba ne. Duk binciken da aka yi a kan yara, a wajabta wa mai shi taƙaita sakamakon da Hausa a shafi biyu, da boko da ajami, ya koma ya karanta shi a gaban waɗanda suka ba shi amsa: a tsangaya, a zauren dagaci, a makarantar Islamiyyar matan aure. Asusun TETFund da sauran masu ba da tallafi su ware kuɗin wannan komawa tun a kasafin farko. Kwamitin ƙarin girma ya ba rabin sa'a a gidan rediyo maki, ya ba horar da ungozomomi da malaman firamare maki. Jihar Kano ta samu dokar kare yara a 2023, shekara 20 bayan ta tarayya. Malamin da ya zauna ya warware wa masu unguwannin Karaye da Rogo abin da dokar ta ɗora musu ya yi aikin da ya cancanci a rubuta masa.

Abokan aikina, ku ci gaba da bugawa a manyan mujallu, Allah ya ƙara ɗaukaka. Amma idan kun gama, ku tuna da ƙauyen da aka shimfiɗa muku tabarma aka tara muku yara. A nan Kafin Dafga hanya ba ta ɓace ba, alaramma yana nan a zaurensa bayan la'asar. Ku dawo ku faɗa masa abin da kuka gano.