Zalika Souley da hukuncin masu kallo

An haifi Zalika Souley a Yamai a shekarar 1947, zamanin da Nijar ke ƙarƙashin mulkin Faransa. Ta tashi a birnin da samari ke cika gidajen silima domin kallon finafinan kaboyi na Amurka. Ba ta cika shekara 20 ba lokacin da Moustapha Alassane ya ba ta wasa a cikin "Le Retour d'un aventurier" na shekarar 1966, kuma tun daga nan ake lissafa ta a sahun farko na matan da suka riƙi wasan fim sana'a a Afirka ta kudu da Sahara.

Labarin fim ɗin gajere ne. Wani saurayi ya dawo daga Amurka da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawakai suka hana ƙauyensu sakat. Zalika ce mace tilo a cikinsu, sanye da wando da malafa. Manufar Alassane ita ce ya yi wa kwaikwayon makauniya ba'a, sai dai jama'a da yawa abin da suka riƙe shi ne budurwa Musulma a kan doki cikin shigar maza.

A hannun Oumarou Ganda ne gwanintarta ta nuna. Ta fito a "Cabascabo", labarin tsohon soja da ya dawo daga yaƙin Indoshin ya salwantar da kuɗinsa, wanda aka nuna a bikin Cannes a 1969. Daga nan sai "Le Wazzou polygame", fim na farko da ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972. Wani Alhaji ne ya dawo daga Makka ya ƙwallafa rai a kan yarinyar da aka yi wa wani saurayi alkawarinta, domin ta zama matarsa ta uku. Zalika ta fito a matsayin matar da kishi ya kai ga zubar da jini. Duk wanda ya kalli fim ɗin a natse zai ga cewa Alhaji ne tushen ɓarnar, kuma Zalika ba ta mai da matar dodo ba, ta bar wa fushinta dalili.

Wannan ƙwarewa ce ta ja mata zagi da tsangwama a titunan Yamai, domin masu kallo ba su raba ta da matan da take kwaikwayo ba. Su ma masu shirya fim suna da nasu kason laifin, tun da sau da yawa matsayin macen da al'umma ke ƙyama suka riƙa ba ta.

Ganda ya rasu a 1981, harkar fim a Nijar ta yi sanyi. Fim ɗin Rahmatou Keïta mai suna "Al'lèèssi", na 2004, ya nuna Zalika cikin ƙuncin rayuwa a Yamai, kafin ta tafi ƙasar waje aikatau. Ta rasu a 2021. Ya dace malamai da ƙungiyoyin al'adu su nemo "Le Wazzou polygame" su nuna wa matasa, sannan su tambaye su wane ne fim ɗin ya tuhuma, wace ce kuma jama'a suka hukunta.