Wasiƙar Valley Forge: Inda Lissafi Ya Fi Balaga

A ganina, wasiƙar da George Washington ya aika wa Henry Laurens, shugaban Majalisar Amurka, daga sansanin Valley Forge ranar 23 ga Disamba, 1777, ta fi ƙarfi a inda marubucinta ya ajiye balaga ya kama lissafi. Ya ƙidaya sojoji kusan 2,900 da rashin takalma da sutura ya hana su aiki, ya kuma yi gargaɗin cewa muddin ba a kawo ɗauki ba, yunwa za ta tarwatsa rundunar. Rauninta kuwa yana cikin habaicin da ya yi wa masu sukarsa, waɗanda ke zaune gindin murhu. Haushinsa na da dalili, amma a nan kukan rundunar ya fara kama da kare kai.